Ranar da Agogon Ƙirjinsa Ya Yi Shiru

Kofunan da ke kan tiren ne suka fara tona mata asiri, don sun kama karo da juna tun kafin ita kanta ta ankara.

Sajna ta tsaya cak a bakin ƙofar falon.

"Shigo mana Mole, 'yata, baƙi na jira," in ji Kunjumma, ƙanwar mahaifiyarta, da muryar nan mai zaƙi wadda ba a jin ta a gidan sai ranar da aka yi baƙi.

Ko jin ta ba ta yi ba.

Idonta na kan saurayin da ke zaune tsakanin kawunnansa cikin farar riga da farin mundu, zanen da maza ke ɗaurawa, kansa a sunkuye kamar kowane saurayin da aka kawo ganin yarinya. Sati guda ke nan ba a zancen kowa a gidan sai nasa. Ɗan gidan masu katako na unguwar Kallayi, mai hankali, ko sigari ba ya sha, ya dace da Fida ɗiyar Kunjumma. Sajna tana can tana fama da aikin asibiti, ko sunansa ba ta tambaya ba. Ita dai an ce ta nemi hutun Lahadi ta taya soya unnakkaya, kayan zaƙin nan na ayaba, ta kuma riƙe wa Fida tire.

Ya ɗago kai.

Jamshir...

Ta ga lokacin da jinin fuskarsa ya ɗauke. Can a kujerar mata kuma wata dattijuwa mai awarwaron zinare har gwiwar hannu ta saki baki tana kallon ta. Nabisumma ce, mahaifiyarsa. Wannan fuskar ko a mafarki ba za ta ɓace wa Sajna ba.

Yadda aka yi Fida ta raba kofunan nan, da yadda ita kanta ta koma kicin da ƙafafunta, ba za ta iya faɗa ba.

Ta dafa bango ta rufe ido.

Shekara biyu ke nan da aka kawo shi sashensu na masu ciwon zuciya yana numfashi da ƙyar. Wani zazzaɓi da ya yi tun yana yaro ne ya cinye masa bawul ɗin da ke buɗe wa jini hanya a zuciya, likitoci suka tsaga ƙirjin suka sa masa na ƙarfe. Ita ce a kansa ranar da ya dawo hayyacinsa, ya kamo bakin hannun rigarta idonsa duk a waje.

"Sista... sun manta agogo a cikina."

Sai da ta toshe baki don kada ta yi dariya. Gaskiyarsa ce, irin wannan bawul ɗin ƙara yake yi, kas, kas, kas, in ɗaki ya yi shiru har na kusa da kai yana ji.

"Ba mantuwa ba ce, naka ne har abada," ta ce masa. "Kuma ga abincinsa."

Ta ɗaga masa ƙwayar wafarin, 'yar ƙaramar ƙwaya mai tsinka jini don kada ya daskare a jikin ƙarfen.

"Kullum da yamma. Ko ranar sallah, ko ranar aurenka. Duk ranar da ka kasa kunne ka ji agogon nan ya dishe, kada ka tsaya neman takalmi, ka taho."

"Wurinki?"

"Wurin likita."

"Ni dai wurinki zan zo."

Haka kuwa ya yi ta zuwa gwajin jini, ranar da aka ce ya zo da ranar da ba a ce ba. Daga gwajin jini aka koma shan sulaimani, baƙin shayi marar madara, a shagon da ke tsallaken asibiti. Daga "Sista" aka koma "Sajna", ita ma bakinta ya saba da kiran sa "Ikka", yadda matan garin ke kiran yaya namiji ko miji. Ranar da ya ce zai turo manyansa, abinci ta kasa ci don murna.

Manyan ba su zo ba. Nabisumma ce ta zo ita kaɗai, ta same ta a barandar asibiti tana tura keken magani.

"Hannun da ya gama shafa mazan gari ba zai zuba wa ɗana shinkafa ba. Shi ma ya gane hakan, nauyi ne ya hana shi zuwa ya faɗa miki."

Daga ranar lambarsa ta daina shiga, ya kuma sauya asibitin gwaji. Sajna ta ci kukanta a banɗakin ma'aikata, ta wanke fuska, ta koma raba magani. Ba wanda ta gaya wa, ko Ummanta.

"Ashe nan ne gidanku."

Ta buɗe ido a firgice. Nabisumma ce tsaye a ƙofar kicin, ta baro falo da sunan wanke hannu.

"Nan ne."

"To ki saurare ni da kyau. Na san ku nas-nas rantsuwa kuke yi. Abin da kika gani a gadon asibiti amana ne. In kika fitar da shi Allah ya gan ki, manyanki na asibiti ma za su ji."

Sajna ta zuba mata ido.

"Kina nufin... ba ku gaya musu ba?"

"A gaya musu me? Yaro ya warke."

"Ba a warkewa daga wannan, Umma, zama ake yi da shi. Kuma kin san a unguwar nan ango ne ke tarewa gidan amarya. A saman nan zai kwana, a tukunyarmu zai ci. A ina zai ɓoye tabon ƙirjinsa? A ina zai ɓoye maganin?"

"In an ɗaura an ɗaura." Ta gyara mayafinta. "Ke dai ki iya bakinki."

Ta juya ta fita, ƙarar awarwaronta na bin ta.

Sajna ta tsani matar nan har cikin ranta, abin haushin kuma shi ne gaskiya ta faɗa, sirrin marar lafiya ba na talla ba ne. Amma ga Fida, yarinyar da ta goya a bayanta, za a aura mata mutum a rufe kamar kayan cikin kwali. Ga shi kuma shi, wanda ta ɗauka ta gama binne shi a zuciyarta, ashe ƙarya take yi wa kanta.

Kunjumma ta leƙo tana fifita da gefen mayafi.

"Za a ba su 'yan mintuna su gana a sama. Ke ce babba, ki raka su, ki tsaya a ƙofa, kada ki sa baki." Ta yi 'yar dariya. "Ko ba komai ki ga yadda ake yi, tunda ke kin auri asibiti."

Matakalar gidan ta katako ce, tsohuwa, kuma a miƙe take. Fida ta haye da sauri tana tattare siket ɗinta. Jamshir kuwa a tsakiya ya tsaya, ya dafa katakon yana shafawa kamar mai duba sassaƙa.

"Aikin... mutanen da ne wannan," ya ce, maganar na fita a gutsure.

Sajna na bayansa, kuma idon nas ba ya zuwa hutu ko ranar Lahadi. Ta ga gumi ya jiƙa masa baya. Ta ga kafaɗunsa na ɗagawa da kowane numfashi.

Ta ce wa kanta tsoro ne ya kama shi.

Ta roƙi Allah ya sa tsoron ne.

A ɗakin sama Fida ta zauna bakin gado tana wasa da zobenta, shi ya zauna a bakin kujera ya ranƙwafo, hannuwansa a kan gwiwa. Sajna ta tsaya a ƙofa tana kallon bango.

"An ce kana zuwa Dubai?" in ji Fida.

"Wani lokaci."

"Ni fa sai na gama digirina."

"Ba laifi."

"Kuma ban iya dafa kifi ba."

"Ba laifi."

Sai aka ɗauke wuta.

Fankar sama ta yi juyinta na ƙarshe ta tsaya. Tambayoyin Fida suka ƙare, ɗakin ya yi tsit, ko hankakan da ke kan kwakwar tsakar gida sun yi shiru. Ba da niyya Sajna ta kasa kunne ba. Kunnen ne ya tafi da kansa neman abin da ya saba ji a duk inda mutumin nan ya zauna kusa da ita.

Babu.

Ta matso kaɗan, ta riƙe numfashinta.

Babu kas, babu komai, sai sautin numfashinsa.



"Yaushe ka daina sha?"

Fida ta waiwayo ta dubi yayarta, wadda take kira Itta. "Itta, daina shan me?"

Jamshir bai ɗago ba. "Sista... ki bari."

"Sista?" Fida ta dube shi, ta dubi yayarta. "Wai kun san juna?"

"Jamshir, ka dube ni." Muryar Sajna ta koma ta aiki. "Ba zan faɗi komai a gaban kowa ba. Ka tashi kawai mu tafi asibiti yanzu, ka ce ciwon ciki ne, ka ce duk abin da ka ga dama. Amma ka amsa min. Yaushe?"



"Tun farkon wata."

Ta dafe ƙirji. "Innalillahi... tun farkon wata?"

"Da an sa rana zan koma sha." Ya ja numfashi. "Gidan da muka je kafin nan... ina cikin cin pattiri, gurasar shinkafa, dasashina ya ɓalle da jini. A kan farin abinci, a gaban kowa. Suka ce za su kira, ba su kira ba. Na farko ma da suka ji labarin tiyata haka suka yi. Umma ta ce maganin ne ke tona ni, ta karɓe."

"Kai kuma ka ba ta? Bayan duk abin da na gaya maka?"

Sai a lokacin ya ɗago, idonsa jajir.

"Ke ce za ki tambaye ni? Na gaji da a riƙa kallona kamar tulun da ya tsage, Sajna. Ke da kika san ciwon ciki da waje kin ce ba za ki iya jinya a asibiti ki dawo gida ki tarar da wata jinyar ba. In ke kin guje ni, wa zai zauna?"



"Ni... ni na faɗi haka?"

"Umma ta zo neman izinin turo manya, kika kore ta da wannan maganar."

"Ummanka ta zo ta ce min hannuna ya gama shafa mazan gari. Ta ce kai ka aiko ta."

Suka tsaya kallon juna.

Wata da watanni kowannensu na kwana da zafin ɗan'uwansa a kan maganar da ba wanda ya yi ta. Jamshir ya buɗe baki, maimakon magana sai tari ya ƙwace masa, wani irin tari mai ruwa-ruwa da Sajna ta sani sarai, ta kuma tsana.

Ba ta yi shawara da kowa ba. Abin sauraren ƙirjinta na can a asibiti, don haka ta durƙusa gabansa, ta janye mayafinta gefe, ta manna kunnenta a kan ƙirjinsa.

Can ƙasa, can nesa, ta ji shi. Ba kas ba. Wani dum... dum... a dishe, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da hannu a naɗe cikin zane.

Jini ya daskare a kan ƙarfen. Ƙofar na gab da maƙalewa.

"Sajna!"

Kunjumma ce a bakin ƙofa da farantin alewar halwa a hannu, Nabisumma a bayanta, sai Umman Sajna daga can baya. Farantin ya kife a ƙasa.

Kafin Sajna ta gama miƙewa marin Kunjumma ya sauka a kuncinta.

"A ɗakin 'yata? A gaban idonta? Don ke kin rasa mai ɗauka shi ne za ki ɓata wa ƙanwarki? Ashe shirun nan naki na munafunci ne."

"Kun gani ko?" in ji Nabisumma, muryarta har da wani daɗi-daɗi. "Halinsu ke nan, taɓa maza ya zame musu jiki. Mone, ɗana, tashi mu tafi, Allah ya rufa mana asiri tun da wuri."

Sajna ta dafe kunci. Kalma ɗaya ce tsakaninta da wanke kanta, kuma kalmar ba tata ba ce. Ta dubi Ummanta, ta ga kunya da ruɗani a fuskar matar da ta raine ta ita kaɗai, ta ji kamar ta nutse. Duk da haka ta haɗiye.

"Ku kira ni duk sunan da kuke so," ta ce. "Amma ku bari a kai shi asibiti yanzu. Don Allah."

"Asibitin me? Lafiyarsa ƙalau," in ji Nabisumma.

"Umma, ya isa."

Jamshir ne. Ya dafa kujera ya miƙe da ƙyar. Ya fara ɓalle maɓallan rigarsa ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe. Tabon ya fito fili, dogo, tun daga ƙasan wuya har kusa da ciki.

Kunjumma ta ja da baya. Fida ta toshe baki da hannu biyu.

"Ƙarfe ne a zuciyata," ya ce. "Ita ta yi jinyata. Ita nake so... tun can. Ba ta yi komai ba, saurare take yi ko zuciyata na..."

Bai ƙarasa ba. Tarin ya dawo, wannan karon da kumfa mai launin ruwan hoda a gefen bakinsa, gwiwoyinsa suka saki.

Sajna ta tare shi ta mayar kan kujera.

"A kwantar da shi, a kawo ruwa," Nabisumma ta fara ihu tana jan hannunsa. "Mone, Mone, dube ni."

"Kada wanda ya kwantar da shi, shaƙewa zai yi. Kada a ba shi komai." Sajna ta riƙe kafaɗarsa a miƙe, ta sauke ƙafafunsa ƙasa. "Fida, buɗe tagogi, ki kira kawunnansa su hau, a kujerar nan za a sauke shi. Ummata, wayata tana kicin."

Fida ce ta fara motsawa, da gudu, ba takalmi.

Haka aka sauko da saurayin da ya zo ganin yarinya, a kan kujera, maza na riƙe da ƙafafunta, rigarsa a buɗe, maƙwabta sun cika tagogi. A mota Sajna ta zauna kusa da shi, yatsunta a kan jijiyar hannunsa, wayar a kunnenta tana gaya wa sashensu abin da za su tanada.

"Sajna..." ya ce tsakanin numfashi.

"Yi shiru, Ikka."

"Na zo... wurinki... ba takalmi."

Ta dubi ƙafarsa. Gaskiya ne, takalman suna can bakin ƙofar falo. Kukan da take dannewa ya ƙwace, amma ba ta saki hannunsa ba.

A asibiti aka shige da shi aka rufe ƙofa. Ranar ba ita ce da aiki ba, kuma babbar nas ta dubi fuskarta sau ɗaya ta ce ta jira a waje. Bayan an ɗauki hoton zuciyar likita ya fito ya faɗi abin da kunnenta ya riga ya gaya mata. Gudan jini ya riƙe gefe ɗaya na bawul ɗin. Ƙarfinsa ba zai ɗauki wata tiyatar yanzu ba, za a sa masa maganin narkar da jini ta jijiya. Zai iya narkewa lafiya. Wani ɓarɓashi kuma zai iya ɓallewa ya tafi ƙwaƙwalwa.

Nabisumma ta zame ta zauna a kan benci.

Suka zauna su biyu, gefe da gefe, ba mai kallon wata. Hasken la'asar ya faɗo a barandar, barandar nan dai da aka taɓa tsayar da keken magani. Can dattijuwar ta buɗe jakarta ta zaro wani abu. Katin wafarin ne, ƙwayoyin na nan a jere ba a taɓa su ba.

"Na ɗauka kamar maganin ciwon kai ne," ta ce, muryarta ta zama ƙarama. "In ka ji sauƙi ka ajiye. Ina ganin sa yana tafiya, yana dariya... Aure kawai nake so in yi masa kamar 'ya'yan kowa."

Sajna ta dubi ƙwayoyin nan. Tausayi ya so ya shige ta, fushi ya hana.

"Tun la'asar ɗin farko da kika karɓe su yake mutuwa a gabanki kaɗan-kaɗan. Ni kin raba ni da shi, na haƙura. Wannan kuwa ba ki da ikon raba shi da su."

Nabisumma ta kifa fuska a tafin hannu, awarwaron ya zame har wuyan hannu, ta yi kuka irin na wanda ba ya neman a lallashe shi.

Kafin magariba Fida ta iso da Umman Sajna, riƙe da takalman Jamshir a leda. Umma ta shafa kuncin da aka mara, shatin yatsun na nan.

"Me ya sa ba ki taɓa gaya min ba, Mole?"

"Kunya, Umma."

"Kunyar me? Hannun nan ne ya yi jinyar kakarki har ta cika. Duk wanda ya raina shi ya raina ni."

Sajna ta juya ga ƙanwarta. "Fida, ki yafe min. Na ɓata miki..."

"Kin ɓata min me, Itta?" Idon Fida ya kumbura, amma bakinta na nan yadda yake. "Mutumin da komai na ce sai ya ce ba laifi? Ni dama gemunsa bai yi min ba. Kawai... da ba ki hau saman nan ba fa? Da a ɗakina zai faɗi wata rana, ni kuwa in kwantar da shi in ba shi ruwa."

Ta rungume ta.

Maganin ya yi aiki, amma bai bar su haka kawai ba. Gudan jinin ya narke, wani ɗan ɓarɓashi ya ɓalle kamar yadda likita ya ji tsoro. Jamshir ya tashi da ransa, da hankalinsa, da maganarsa. Hannunsa na hagu ne bai dawo daidai ba, yatsun ba sa iya damƙe kofi.

Da safen da aka mayar da shi ɗakin jinya Sajna ta shigo cikin farin kayanta tana tura keken magani. A bakin ƙofa ta tsaya. Ɗakin shiru.

Kas... kas... kas...

Ta jingina da ƙofar tana saurare.

"Kin ji shi?" ya ce daga kan gado, yana murmushi da ƙyar.

"Na ji."

"Hannu ɗaya ya rage min, zinariyata. Ki duba da kyau, wannan karon ba abin da aka ɓoye."

"Na duba tun shekara biyu."

Nabisumma, wadda ke zaune a gefen gado, ta miƙe a hankali. Ta zo gaban Sajna, ta kamo hannunta na dama, hannun nan dai, ta juya tafin, ta ɗora katin wafarin a ciki ta rufe da nata.

"Riƙe, Mole. Ni ban cancanta ba." Ta ƙara matse hannun. "In kin yarda... manyansa za su zo. Wannan karon da gaske."

Bayan damina aka ɗaura aurensu.

Jamshir ya tare a ɗakin saman nan, wanda yanzu yake hawa matakalarsa ba tare da ya tsaya yabon sassaƙa ba. Kunjumma ta daɗe ba ta yi wa Sajna magana, amma ita ce ta fara rage gishiri a tukunyar gidan ba tare da an roƙe ta ba. Washegarin biki da hantsi ta hawo da kanta, ta rataye wani ƙaton agogon bango a saman gadonsu, ta ce gudummawarta ce, ta fita ba ta kalli kowa ba. A wurin Kunjumma ban-haƙuri ke nan.

Agogon ya cika ɗakin da ƙara.

Sajna ta saurara kaɗan. Sai ta taka kujera, ta sauko da shi, ta zare batirin, ta mayar da shi bango a tsaye cak.

"Kunjumma za ta ji haushi fa," in ji Jamshir.

"Ta ji."

Ta zauna kusa da shi, ta ɗauki hannunsa na hagu ta ɗora a cinyarta, ta kwantar da kanta a ƙirjinsa.

"Yana hana ni jin naka."